Cikon Kuɗin Gidan Takarda

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da madarar waken suya da wainar ƙwai a bakin lungunmu da ke birnin Tainan, kuma duk tsawon shekarun nan bangona ɗaya da shagon Gan Su-lan. Ni ina ciyar da masu rai da safe, ita tana gina wa matattu gidaje. Da tsinken gora da takarda da gam take aikinta. A zo a saya, a kai fili a cinna wuta, gidan ya isa wurin mamaci. Ta girme ni da shekara biyu, don haka Yaya nake ce mata ko da muna faɗa, kuma muna faɗa sosai.

Idan ka gan ta a hanya ba za ka sake waiwayarta ba. Gajera ce, kanta fari fat, yatsunta duk yankan gora, kullum da filasta a babban yatsa. Ba a gayyatarta biki. Idan sabuwar shekara ta zo, yara kan tsallaka ɗaya gefen titi don kada su bi ta ƙofarta. Ba ta taɓa ce wa mai ciniki “sai ka dawo” ba, domin a sana'arsu wannan mugun baki ne, ɗaga masa kai kawai take yi. Mijinta ya jure shekara shida yana kwana barorin takarda da take yi wa matattu na tsaye a kansa, sannan ya ce zai je Kaohsiung neman aiki, ya bar mata 'ya ɗaya. Har yau yana can yana neman aikin.

Amma wajen iya aiki, sai dai a sara mata. Wasu masu sana'ar bugaggen kwali suke sayowa daga masana'anta su harhaɗa. Su-lan kuwa sai ta zaunar da kai ta yi ta tambaya. Mamacin rana yake so ko inuwa? A ina yake zama ya sha shayi? Yana da ciwon gwiwa? Ta taɓa yi wa wani tsoho kejin tsuntsu da bai fi ƙwan kaza girma ba, kuma ƙofar kejin tana buɗuwa. Na ce, “Yaya, abin da wuta za ta cinye cikin minti biyar kike ɓata wa kwana uku?” Ta ce, “Ke ce kike ganin minti biyar. Shi zama zai yi a ciki.”

A wurin mahaifinta ta gaji sana'ar, da hatimin shagon, da doka guda. Kowane gida yana tafiya da takardarsa. A kanta ake rubuta sunan mamaci da kuɗin gidan, a ƙasa kuma a rubuta cewa mai gini ya karɓi haƙƙinsa cif daga hannun jinin mamacin. Sai an buga jan hatimi an ƙone takardar sannan gidan ke zama na mamaci. Tsohon ya ce muddin ba a biya dalar ƙarshe ba, ba a buga hatimi, kuma gidan yana nan na wanda ya gina shi. Idan aka ƙone shi a haka, to mai rai ya yi gida a can, kuma za a kira shi ya je ya zauna a ciki.

Ban sani ba ko sauran masu sana'ar sun yarda da wannan. Abin da duk lungunmu ya sani shi ne tsohon da kansa ya karya dokar sau ɗaya. Matar wani abokinsa ta rasu, abokin ya roƙi bashi, ya ba shi gida babu takarda, aka ƙone, abokin ya yi ta cewa gobe. Rana ta arba'in da tara bayan ƙonawar, Su-lan ta kai wa mahaifinta abincin rana, ta same shi zaune a kujerarsa da wuƙar fere gora a hannu, jiki ya riga ya yi sanyi. Likita ya ce zuciya ce. Su-lan ba ta yi musu da likita ba, amma tun daga ranar ba ta sake ba kowa bashi ba, ko da na baran takarda ɗaya ne.

Shekara huɗu da suka wuce ciniki ya ja baya ƙwarai. 'Yarta da ke aiki a Taipei ta zo hutu, ta ɗauki hotunan gidajen, ta buɗe mata shago a wata manhajar saye da sayarwa. Tsarin ya dace da dokar tsohon: mai saye ya zuba kuɗinsa duka a manhajar, sannan kaya su tashi. Ciniki ya farfaɗo. Su-lan da ko hoto ba ta iya turawa ba ta koma tana zaune da tabarau a kan hanci tana amsa saƙo da yatsa ɗaya.

A watan uku na bara wani mai suna Kuang Te-fu ya rubuto daga wani ƙauyen masu kiwon kawa, wato naman ruwan nan mai ɓawo, a gaɓar tekun Chiayi. Mahaifiyarsa ce ta rasu. Bai nemi bene mai hawa uku da mota da direba kamar sauran mutane ba. Ya ce gida mara bene yake so, mai jan rufi, da rijiya a tsakar gida ta hannun hagu, da bishiyar mangwaro kusa da rijiyar. Kada a yi matakala a ƙofa, a yi gangare saboda gwiwarta. Har ya ce akwai wata tsaga a bangon kicin mai kamar reshe, idan da hali a sa ta. Su-lan ta karanta mini saƙon idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, “Pi-yun, kin ga ɗa na gari.”

Na ce, “Ɗa na gari ya biya tukuna.”

Suka yi ciniki a kan dalar ƙasarmu dubu arba'in da biyar. Ya ce manhajar tana yankar kuɗi da yawa, gara su yi tsakaninsu. Zai tura dubu goma sha biyar kafin alƙalami kai tsaye asusunta, ciko kuma ranar da kaya suka isa. Dubu goma sha biyar ɗin suka shigo a take. A nan ta yi kuskurenta, kuma ba kwaɗayi ne ya ja ta ba. A ganinta mutumin da ya tuna tsagar bangon kicin ɗin uwarsa ba zai ci kuɗin gidan uwar ba.

Kwana goma sha biyu ta yi tana aikin. Ganyen mangwaron ɗai-ɗai ta yanka. Ta rubuta takardar gidan da sunan marigayiyar, Hou Chin-chih, ta ajiye a aljihun tebur babu hatimi. Te-fu ya ce sai bayan kwana uku da isar kaya za a ƙone, don haka ta yi lissafin idan ciko ya shigo ta buga hatimi ta aika masa ta gidan waya. Direban motar ya isa, Te-fu ya nuna masa hoton tiransifa, ya turo wa Su-lan irin hoton, ya ce banki ne ke jinkiri. Direba ya sauke kaya ya juyo. Su-lan ta jira alat har rana ta faɗi. Washegari da hantsi hoto ne ya shigo wayarta: gidan yana ci da wuta a wani fili, bishiyar mangwaron ta tanƙware. Daga nan ko ta kira sai a ce wayar a kashe take.

Banki suka duba suka ce hoton tiransifar na bogi ne. Masu manhaja suka ce tunda an yi cinikin a bayan idonsu, babu ruwansu. Ɗan sandan da ya karɓi ƙararta ya rubuta komai cikin ladabi, ya ce ta sa a ranta abin kan ɗauki wata uku zuwa shida. Adireshin da aka ba direba kuwa na filin bayan wani haikali ne, ba na gidan kowa ba. 'Yarta ta yi faɗa a waya har ta gaji, sannan ta ce za ta turo dubu talatin ɗin kowa ya huta. Su-lan ta ce ai 'yar tata ba jinin marigayiyar ba ce.

Ni ma na yi nawa. Na ce, “Yaya, dubu talatin ne fa. An cuce ki, ki tsine masa, ki sha madara, a wuce wurin.”

Ta ce, “Wata shida ɗan sanda ya ce, Pi-yun. Ni kwana arba'in da tara gare ni.”

“Haba! Babanki zuciya ce ta kashe shi. Mutumin da ke shan taba kwali biyu a rana!”



Na ce, “To ki buga hatimin mana, ki ƙone takardar, ki ce kin yafe.”

Ta kalle ni kamar na ce ta sha gam. “In buga hatimin babana a kan ƙarya? A rubuce yake na karɓa cif. Can ba irin nan ba ne, suna dubawa.” Ta shiga shago ta zagaye wata rana a kalanda da jan biro.

Rana ta bakwai bayan ƙona gidan, da tsakar rana, tana zaune a bencina ina wanke tukwane, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo mini. Saƙo ne daga lambar Te-fu, layi ɗaya: “Ƙofar ba ta buɗuwa.” Na danna kira nan take don in wanke shi tas. A kashe.

Na ce, “Kin gani? Ɗan iskan so yake ya tsorata ki ki aika masa takarda kyauta.”

Ta ce, “Ɗazu da na kishingiɗa na ga gidan.”

Su-lan ta saba barcin rana a kujera mai naɗewa a tsakiyar barorinta na takarda. Ta ce ta ga kanta tsaye a bayan ƙofar gidan, ta ciki, a waje kuma wata tsohuwa tana tsaye riƙe da jakar cefane mai ratsin ja da kore. Tsohuwar ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta yi magana ba. Na ce ai wanda ya yi kwana goma sha biyu yana liƙa ganye dole ya yi mafarkinsa. Na faɗa da ƙarfi, amma tsigar jikina ta riga ta tashi.

Daga nan abin ya kama tafiya bakwai-bakwai. Rana ta goma sha huɗu ta ga kanta tana sharar tsakar gidan, ta gama ta jingine tsintsiya a bayan rijiya. Saƙon ranar ya ce: “Akwai wata a ciki.” Ta ashirin da ɗaya tana jan ruwa a rijiyar, saƙon kuma ya ce: “Gwiwata tana ciwo.” Wannan karon ban ce komai a kan ɗan iska ba. Mako na gaba ta shiga kicin, ta ce ta sa yatsa a tsagar bangon, kuma ba takarda ba ce, siminti ne mai sanyi. Mako na biyar tana ɗaki tana gyara gado.

Ta rame, wuyanta ya fito. Na ja ta asibiti da ƙarfin tsiya, aka ɗebi jini aka ɗauki hoto, likita ya ce lafiyarta lau, ta riƙa cin abinci. Abin da ban gaya wa likitan ba shi ne ƙaurin. Duk inda ta zauna sai in ji ƙaurin ƙonanniyar takarda, ita kuwa ba a shagonta ake ƙonawa ba, ashana ma ba ta yarda a shiga mata da ita.

Rana ta arba'in da biyu ta ce mini ta zauna a bakin gadon, kuma katifar tana da taushi. Da murmushi ta faɗa, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Saƙon ranar ya ce: “Idan ke za ki zauna, ki gaya mini in tafi.”

Bayan kwana biyar da wannan ta shigo rumfata ɗauke da tukunyar da ta ara a wurina shekara tara da suka wuce, a wanke, a goge. Shekara tara ina gorin tukunyar nan. Na kalle ta, na kalli tukunyar, raina ya ɓaci sosai.

Na ce, “Mayar da ita! Wa ya ce ki dawo da ita? Gobe da safe ki ɗauko takardarki da hatiminki, Chiayi za mu.”

“Ba mu san gidansa ba.”

“Ƙauye ne. Mai cin bashi ba ya ɓata a ƙauye.”

Washegari, rana ta arba'in da takwas, na rufe rumfata a ranar aiki, abin da ban yi ba ko ranar da aka cire mini haƙori. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka hau bas. Da hantsi muka isa ƙauyen. Ko'ina tulin ɓawon kawa ne, fari, sai ƙarni, sai ƙuda. Babu yara a titi, babu ko kare. A wata rumfa muka sami mata huɗu sun rufe fuska da hannu saboda rana suna ɓare kawa.

Na ce, “Sannunku da aiki, 'yan'uwa. Gidan Kuang Te-fu muke nema.”

Ɗaya ta ɗago. “Gidan Te-fu? Te-fu yana da gida?” Suka kwashe da dariya. “Nawa kuke binsa?”

Ba sai mun roƙa ba suka zazzage mana labarin. Uwar tana kwance a asibiti Te-fu ya jinginar da gidanta ga masu ba da bashi, ya kai kuɗin wurin caca. Aka sallamo ta, ta zo ta tarar da sarƙa a ƙofa. Wata biyu ta yi a duniya bayan wannan, a rumfar kwanon da yake kwana can bakin tafki. Matar ta ce, “Kullum da hantsi sai ta lallaɓo da jakarta ta tsaya a ƙofar gidan. Ba ta ce wa kowa komai. Ku bi nan, za ku wuce ta gabansa.”

Ba sai an nuna mana ba. Ga jan rufi, ga gangare a ƙofa, ga rijiya ta hagu da mangwaro a gefenta. Na ga gidan nan a kan teburin Su-lan kwana goma sha biyu, yanzu ga shi da girmansa, da sarƙa mai tsatsa a ƙofar ƙarfe. Su-lan ta kama ƙarfen da hannu biyu ta leƙa.

Ta ce, “Pi-yun, duba bayan rijiya.”

Na duba. Tsintsiya ce a jingine. Gidan da aka rufe wata da watanni, ƙarƙashin mangwaro, amma tsakar gidan a share take, babu ganye ko ɗaya. Wataƙila sababbin masu gidan suna aiko mai shara. Na gaya wa kaina haka, na ja hannunta muka bar wurin da sauri.

Te-fu yana zaune a ƙofar rumfarsa yana zura ɓawon kawa a igiya. Zai yi shekara hamsin, busasshe, idanu a zurme. Da Su-lan ta faɗi sunan shagonta sai igiyar ta suɓuce masa, ya zube a kan gwiwoyinsa.

Na ce, “Au, kai ne ɗa na garin? Tashi! Durƙuso ba kuɗi ba ne. Ka cinye mata gida tana raye, ka saci wani ka aika mata bayan ta mutu. Kai wane irin mutum ne?”

“Inna, ki zage ni, na ci zagin. Kullum ina ganinta a ƙofa. Na ɗauka idan na ƙone mata gidan za ta huta. Dubu goma sha biyar ɗin babur ɗina na sayar. Sauran na ce in na samu zan biya. Na ɗauka takardar ba wani abu ba ce.”

“Shi ya sa kake turo wa tsohuwa saƙon tsoro duk mako? Ba ka ji kunya ba?”

Ya ɗago. “Wane saƙo?”

Su-lan ta miƙa masa wayarta. Ya karanta na farko, ya karanta na biyu. Da ya zo kan na gwiwa sai ya mayar mata da wayar. Ya tashi ya shiga rumfar, muka bi shi. A kan wani katako ga hoton tsohuwa, ga kofin toka da guntayen turaren tsinke, ga waya a gaban hoton. A jikin ƙusa kuma jakar cefane ce a rataye, mai ratsin ja da kore.

Ya ce, “Wayar Mama ce. Tawa masu bashi sun ƙwace, da tata na yi odar. Ranar da na ƙone gidan na tura hoto na kashe ta na ajiye nan. Ban sake taɓa ta ba.”

Na ɗauki wayar na danna, na sake dannawa. Babu caji. Inda na ɗaga ta, ƙura ta zana siffarta a kan katakon. Har yau ban ce na yarda da shi ba, domin maƙaryaci ne na gani da idona. Amma da sauri na mayar da wayar inda take.

Su-lan ba ta kalli wayar ba, hoton take kallo. Ta ce, “Ita ce.”

Muka zazzage shi. Dala ɗari huɗu da ashirin ne a aljihunsa. Ba ɗan'uwa, ba ɗa, ba wanda zai ranta masa ko kuɗin taba a ƙauyen. Ya roƙi Su-lan ta rage masa, ta ce kuɗin a rubuce yake da tawada. Ya ce ta ba shi wata ɗaya. Ta nemi wani akwatin roba ta zauna, ta jingina kai da kwanon rumfar.

Ta ce, “Pi-yun, barci nake ji.”

Ƙarfe goma sha biyu saura ne. Ƙaurin nan ya cika rumfar. Ni mace ce mai riƙon kuɗi, duk lungunmu sun shaida, shekara biyu ina tara na sabon injin niƙa. Amma shekara talatin ina jin tarin matar nan ta bango, kuma ban shirya jin shiru ba.

Na girgiza ta. “Yaya, dokar ta ce daga hannun jinin mamaci. Ta faɗi inda jinin zai samo kuɗin?”

Ta buɗe ido da ƙyar. “Ba ta faɗa ba.”

Na nuna Te-fu da yatsa. “Kai, tsaya a kanta ka yi ta yi mata surutu. Idan ta rufe ido sai na jefa ka a tafkin nan.”

Na'urar cire kuɗi ɗaya ce a ƙauyen, a kantin bakin titi, kuma dubu ashirin take bayarwa a karo ɗaya. Sau biyu na sa kati. Rabon da in yi gudu tun ina budurwa, amma ranar na yi. Na dawo na same shi yana ba ta labarin farashin kawa yana kuka, ita kuma kanta yana rinjaya.

Na yage takardar kalandarsa na rubuta a baya cewa Kuang Te-fu ya ranci dala dubu talatin a wurina, zai riƙa biyan ɗari biyar ranar biyar ga kowane wata. Ya dangwala yatsa a jar tawadar hatimin Su-lan ya manna. Na danƙa masa kuɗin. Ya juya ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta, ita ma ta sake ƙirgawa, don ko a bakin mutuwa Su-lan ba ta karɓar kuɗi ba ƙirge. Sannan ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta ta buga hatimi.

A filin bayan haikali baƙin tabon wutar yana nan. Te-fu ya durƙusa a tsakiyarsa ya kunna takardar, ya kira uwarsa sau uku, ya ce, “Mama, ga takardar gidanki. Ki shiga.” Bakin teku ne, iska tana kaɗa mana riguna, amma hayaƙin nan miƙe ya tashi kamar an ja shi da zare.

A bas Su-lan ta yi barci. Na so in tashe ta, na kasa, sai na riƙe wuyan hannunta ina jin bugun jininta har muka shiga gari. A tasha ta farka ta ce yunwa take ji. Kwano biyu ta ci na shinkafa da naman talotalo, ta ƙara da rabin nawa. Na shinshina kafaɗarta, babu ƙauri, sai zufa da ƙarnin kawa. Na zauna a kantin mutane ina kuka kamar wata sakarai.

Sai da muka hau jirgi na tambaye ta ko ta ga wani abu.

Ta ce, “Na buɗe mata. Ta shiga, na fito. Ta ce shara ta yi kyau.”

“Shi ke nan?”

Ta ce, “Ta ba ni saƙonki. Ta ce in gaya wa mai madarar waken suya kada ta damu. Idan ɗanta bai biya ba, ki zo ita za ta biya ki da kanta.”

Rana ta arba'in da tara ta zo ta wuce. Su-lan ta yi ta fere gora tana sauraron rediyo, da yamma ta zo ta sake aron tukunyar. Yanzu shekararta sittin da huɗu, ta yi ƙiba, tana nan tana ciniki a manhaja, kuma ko ɗan sarki ne ya ce su yi tsakaninsu sai ta kashe wayar. Saƙo bai sake shigowa daga lambar nan ba.

Te-fu yana turo ɗari biyar ɗinsa daga kantin bakin titi. Wata goma sha huɗu ya biya, saura arba'in da shida. Ni da na ce dubu talatin ba komai ba ne, yanzu ranar biyar ga wata tun safe wayata tana aljihun gaba. Sau biyu ya taɓa makara da kwana ɗaya, kuma duka biyun Su-lan ta leƙo ta kan bango da tsinken gora a hannu ta ce, “Pi-yun, rana kike so ko inuwa?” Na zage ta, ta yi dariya.

Wannan watan yau kwana shida ke nan bai turo ba. Su-lan ba ta leƙo ta yi mini tsiyar ba, jiya ma na kama ta tana shinshina kafaɗata. Na daina barcin rana.